Gwanin Taro da Mutanen da Ke Bayansa

Kowane taron kiɗa yana da wanda a ke jira. A ƙasar Ingila akwai wani ƙauye kusa da garin Gilastonbari inda a ke yin babban bikin kiɗa tun shekarar 1970. A ƙarshen watan Yuni a ke yinsa, lokacin zafinsu, watau sa'ad da mu a nan damina ta fara kankama. Mutum wajen 200,000 su ke taruwa a cikin gona, su kafa tantuna, su kwana a nan har kwanaki. Ƙungiyoyin makaɗa ɗaruruwa ne ke wasa, amma a kowane dare akwai guda ɗaya wadda a ke rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ita ce kuma ta ke hawa babban dandamali daga ƙarshe. Kowace shekara sai an yi gardama a kanta. Waɗansu su ce ba ta isa ba, waɗansu su ce ta tsufa, waɗansu kuwa su ce ta sāke, ba ita ce wadda suka sani dā ba.

To, wannan gardama ba baƙuwa ba ce gare mu. Mutumin Batagarawa ba ya bukatar jirgin sama kafin ya ga babban taron kiɗa, gama birnin Katsina yana nan a bakin ƙofarsa. Ran hawan salla hakimai su kan wuce ɗaya bayan ɗaya zuwa Ƙofar Soro, kowa da dawakinsa da makaɗansa, masu ganga da masu algaita da masu jauje. Jama'a na kallo, na tafi, amma idonsu yana baya. Sai an ji tambari ya yi gunji, kakaki ya amsa, sa'an nan kowa ya miƙa wuya, don ya san Sarki ya iso. Haka kuma da dare a gidajen biki da dandali: yara su ke fara kiɗa, gwani ya kan zo daga baya, sa'ad da wuri ya cika. Ashe mu ma mun san cewa babba shi ke rufe taro.

Abin da za mu bincika a nan shi ne, me ke sa makaɗi ya cancanci wannan matsayi? Ra'ayina kuwa shi ne, ba muryarsa kaɗai ba ce. Mutanen da ke tsaye a bayansa su ne rabin gwanintarsa, kuma a cikinsu ne a ke renon gwanin gobe. Ƙungiyar kiɗa tana iya sāke kaya, ta sāke ubangida, ta sāke salo, ba ta mutu ba. Amma ran da ta rasa mutanen bayanta, to, an yi jana'izarta, ko da sunan shugabanta yana cika kasuwa.

Yadda a ke gina ƙungiya

Bari mu fara da yadda abin ya ke tun asali. Ƙungiyar kiɗan Hausa kamar gandu ta ke. Akwai shugaba, wanda shi ke bakin waƙa. Akwai makaɗa, kowa da abin da ya ke bugawa. Akwai 'yan amshi, waɗanda ke karɓar waƙa su ba shugaba damar numfashi da tunani. Akwai sanƙira, mai tsayawa gefe yana kirari, yana bayyana wa jama'a wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Sa'an nan akwai yara masu ɗaukar kaya.

Kada mai karatu ya rena yaron nan mai ɗaukar kaya. Yau yana shanya ganga a rana don fata ta yi ƙarfi, gobe an miƙa masa kuntukuru, jibi an ce ya sa baki a amshi. Kafin shekara goma ya haddace waƙoƙi fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ya san asalin gidajen sarauta, ya san wanda ya haifi wane, ya san kalmar da a ke faɗa wa basarake da wadda ba a faɗa masa. Ba allo, ba alli, amma makaranta ce sosai.

Dubi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mutumin ƙasar Zamfara, wanda ya rasu a 1991. Ubansa makaɗin noma ne, a gona ya fara jin yadda a ke zuga manomi ya yi kuyya goma ba ya ɗaga kai. Daga nan ya yi zaman mataimaki a ƙarƙashin wansa Kurna, da muƙamin da su ke kira daudun kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiya. Da ya koma kiɗan sarauta da kotso, har ya kai ga yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, bai zo da hannu wofi ba. Ƙarfin nan na kiɗan noma, mai sa jini ya motsa, yana nan a ƙarƙashin waƙoƙinsa na fada. Ga sauyi babba, daga gona zuwa gaban sarakuna, amma ƙungiya ba ta watse ba, sai ma ƙaruwa da ta yi da 'ya'yansa, waɗanda suka riƙe kiɗan bayan ransa.

Wanda ya saurari makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, ko Mamman Sarkin Taushin Katsina, wanda ya yi zamani da Sarki Usman Nagogo, zai lura da abu guda. Shugaba ya kan fara ɗa na waƙa, kafin ya kai ƙarshe sai 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, su miƙa shi ga gindin waƙa, ba wanda ya yi tuntuɓe. Wannan ba a samunsa sai da zama wuri ɗaya shekara da shekaru. A gida su ke tsara waƙa, su tace ta, su zubar da tsakuwa, kafin su kai ta fada. Shi ya sa kalmominsu su ke da nauyi, har yau ɗalibai a jami'a suna rubuta littattafai a kansu. Aibinsu kuwa shi ne ƙuncin fili: ubangida ɗaya, jigo ɗaya, watau yabon sarki da zambon abokan gabansa. Talaka yana jin daɗin waƙar, amma ba ya ganin kansa a cikinta.

Shata da kalangunsa

Wanda ya fasa wannan shinge ɗan ƙasar Katsina ne, Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya zauna a Funtuwa. Kafin zamaninsa kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba shi da wurin zama a gaban manya. Shata ya ɗauke shi ya kai shi ko'ina. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da manoma, ya yi wa soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har kumbon Afolo na Amurka da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, daga baya kuma kaset, su suka kai muryarsa ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taka ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Shata ya sāke fasalin ƙungiya ƙwarai. Ya rage wa 'yan amshi aiki, ya bar musu gajeren amshi guda wanda su ke maimaitawa, shi kuwa ya riƙe sauran duka. Ba ya zama gida ya tsara waƙa. A tsakiyar fili ya ke ƙaga ta, yana duban fuskokin mutane. Masu gani daga nesa su kan ce ai Shata shi kaɗai ne kome, makaɗansa 'yan rakiya ne kawai. Wannan kuskure ne. Mutum ba ya iya ƙaga waƙa a tsaye sai ƙasan da ya taka ba ta motsi, kuma makaɗansa su ne ƙasan. Kalangu yana magana, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, makaɗi kuwa yana matse igiyoyin kalangu a hammatarsa ya sassauta, sai fata ta faɗi kalma yadda baki zai faɗe ta. Sau da yawa makaɗi ne ke hango babban baƙo ya shigo, ya buga takensa, sai Shata ya ji ya juya waƙa wajensa. In ya ja numfashi, amshi ya rufe gurbin. In ya yi zafi, kiɗa ya yi zafi tare da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gaskiya kuwa ba ta hana a faɗi inda ya gaza. Saurin ƙaga waƙa yana da tsada. Cikin waƙoƙinsa masu ɗimbin yawa akwai waɗanda ba kome a ciki sai jerin sunayen masu kyauta, in ka ji ɗaya ka ji goma. Akwai zambo mai zafi da ya wuce kima, akwai kuma waƙar da ta yabi shan giya, wadda malamai da iyaye ba su taɓa yarda da ita ba. Amma babban rauni yana cikin ginin ƙungiyar kanta. Da ya ke dukan hikima a kai ɗaya ta taru, ɗan amshin Shata bai sami horon tsara waƙa irin na ɗan amshin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo ba. Da Allah ya yi masa rasuwa ran 18 ga watan Yuni, 1999, aka rufe shi a Daura, sai aka ga kalangai suna nan, makaɗa suna nan, masu kwaikwayon muryarsa ma suna nan, amma gurbin bai cika ba. Itacen da ya yi girma ƙwarai, ƙananan itatuwa ba su cika tsiro a inuwarsa ba.

Wannan darasi ya fi fitowa fili ga Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi ba ƙungiya gare shi ba sam, daga shi sai ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Ya yi waƙoƙi masu hikima a kan karen mota da zaman aure da halin ɗan'adam, ya kuma tsaya a manyan taruka a gida da waje. Amma da ya tafi, kusan da kuntigin ya tafi, domin ba yaron da ya yi shekara goma yana amsa masa. Ka gwama shi da Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Ita kiɗan ƙwarya ta ke yi, watau amada, tare da zugar mata masu kiɗa da amshi. Ta fito da kiɗan cikin gida zuwa bainar jama'a, ta yi wa mata huɗuba a kan sana'a da neman na kai. Da ya ke kiɗan na taron mata ne tun asali, hannuwa da yawa sun san shi, bai dogara ga rai guda ba.

Zuwan fiyano

Daga shekarar 1990, sa'ad da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano, sai wani sabon baƙo ya shigo, watau fiyano mai aiki da lantarki. Masu fim suna son waƙa da rawa irin ta finafinan Indiya, ɗaukar makaɗa goma kuwa yana da tsada. Sai aka sami yaro guda a ɗakin ɗaukar waƙa, wanda a ke kira situdiyo, ya danna nan ganga ta fito, ya danna can algaita ta fito. Da kwamfuta ta zo, har muryar da ta karkace a kan miƙe ta. Yau waƙa ta kan fita da safe, kafin la'asar tana cikin wayar kowane ɗan acaɓa daga Batagarawa har Maraɗi.

Ba daidai ba ne a ce duk abin da fiyano ya haifa shirme ne. Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala, marubuci ne kafin ya zama mawaƙi, kalmominsa a auna su ke, da ƙafiya da ma'ana. Naziru Ahmad na Kano ya nuna cewa a kan iya ɗora yabon sarauta irin na dā a kan kayan zamani, matasa kuma su saurara. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Ɗanja a nan Jihar Katsina, ya yi tashe da waƙoƙin siyasa, musamman a zaɓen 2015, har ya zama in ya hau dandamali fili ba ya ɗaukar mutane. Yana da kunnen jin abin da zai kama bakin jama'a, yana da habaici mai kaifi, gadon da ya samo daga mawaƙan dā ko ya sani ko bai sani ba. Sai dai waƙar da aka yi don zaɓe ta kan tsufa tare da zaɓen. Sarki ya kan yi fiye da shekara talatin a gado, kamar yadda Usman Nagogo ya yi daga 1944 zuwa 1981, mawaƙinsa kuma ya sami lokacin tace magana. Ɗan takara kuwa wata uku gare shi, mawaƙinsa dole ya yi sauri.

Amma ba saurin ne babban abin damuwa ba. Je ka wurin biki yau ka duba bayan mawaƙi. Sau da yawa ba kowa sai lasifika biyu da yaro mai riƙe da na'ura. A kunna waƙar da aka riga aka ɗauka, mawaƙi ya riƙa motsa baki yana zagaya fili, a yi masa liƙi, a tashi. Abin da aka yi hasara a nan kashi uku ne.

Na fari, na'ura ba ta da ido. Ba ta ganin baƙo ya shigo, ba ta jin taro ya yi sanyi balle ta ƙara wuta. Waƙar da aka ji jiya a waya ita ce za a ji yau a fili, ba ƙari ba ragi. In haka ne, me ya fito da mutum daga ɗakinsa?

Na biyu, abinci. Ƙungiyar mutum goma gida goma ta ke ciyarwa, ban da mai sassaƙa ganga da mai jeme fata. Yanzu kyautar ta kan tsaya a aljihu ɗaya ko biyu.

Na uku, shi ne mafi muni, makarantar ta rufe. Yaron da ke danna na'ura ba ya koyon take, ba ya koyon asalin kowa, ba ya koyon yadda a ke riƙe taro har asuba. In babu yaro mai ɗaukar kaya yau, daga ina gwanin shekara ashirin mai zuwa zai fito? A 2020 annobar korona ta hana hawan salla, makaɗan fada suka rataye kayansu. Wannan hutu na dole ya wuce. Wanda mu ke jawo wa kanmu da hannunmu shi ne abin tsoro, gama ba shi da ranar ƙarewa.

Mai karatu zai ce, ai zamani riga ne, kuma mai biki ba shi da kuɗin motar mutum goma. Gaskiya ne. Ba kuwa cewa na ke a kori fiyano ba. Kalangu ma dā baƙo ne a gaban manya, har Shata ya nema masa wurin zama. Abin da na ke cewa shi ne, a shigar da fiyano cikin ƙungiya ya zama ɗaya daga cikin makaɗa, kada ya cinye su duka. Waɗansu ƙasashe sun bi ta wannan hanya kafin mu. Ƙungiyar Bitils ta Ingila ta daina yawon wasa a gaban jama'a a 1966, ta koma situdiyo, ta yi faifai masu kyau, amma a 1970 ta watse. Takwararta Rolin Siton, wadda aka kafa a 1962, ta riƙe fili, in wani ya mutu ko ya fita ta sa wani, har ta haura shekara 60 tana wasa. A Ikko ma Fela Kuti ya sāke wa ƙungiyarsa suna da mutane fiye da sau ɗaya, amma bai taɓa rabuwa da masu ganga da masu busa ba. Da ya rasu a 1997, ɗansa Seun, wanda ya tashi a cikinsu tun yana yaro, ya ja ragamarsu, suka ci gaba da zagaya duniya.

Wa ya cancanci rufe taro?

Saboda haka, ga shawara ga masu shirya biki, ko hakimi ne, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko uban amarya. Kafin ku ba mawaƙi matsayin rufe taro, ku auna shi da tambaya uku. In wuta ta ɗauke, zai iya ci gaba da waƙa? In baƙon da ba a zata ba ya shigo, zai iya saka shi cikin waƙa nan take, da maganar da ta dace da shi? Sa'an nan, su wa ke tsaye a bayansa, kuma akwai yaro a cikinsu? Wanda ya ci ukun nan, a ba shi ƙarshen dare ko da ba a san sunansa a waya ba. Wanda ya faɗi, a ba shi farkon dare, ba a rena shi ba, an dai sa shi inda ya dace.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Abin farin ciki ne ga ƙasar Hausa duka. Amma hawa ba dawaki da alkyabba kaɗai ba ne. Ka cire tambari da kakaki da algaita, ka sa lasifika a kan mota, ka gani ko doki zai yi rawa. Tsofaffin makaɗa suna nan da sauransu a unguwannin birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina tana nan, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma tana kan hanyar Dutsinma, maƙwabciyar mutanen Batagarawa. Ɗaukar muryar tsofaffin nan a ajiye aiki ne mai kyau, amma wanda ya fi shi kyau shi ne a gayyace su wasa, a biya su hakkinsu, har yara su ga cewa sana'ar tana ciyar da mai ita. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Kai kuma mai karatu, da ka koyi baƙi da wasali da girmanka, ka san cewa ilmi ba ya shiga sai da malami a gaba da ɗalibi a baya. Kiɗa ma haka ya ke. In salla ta zo ka shiga birni kallon hawa, ko aka gayyace ka biki, kada idonka ya tsaya ga mai riƙe da makirufo. Ka leƙa bayansa ka ƙirga mutane. In ka ga ɗan yaro rungume da kuntukuru yana ƙoƙarin bin manya, to, in za ka yi kyauta ka fara da shi. Allah ya ba mu ikon riƙe abin kirki da muka gada, ya kuma ba mu basirar zaɓen na kirki cikin abin da zamani ya kawo, amin.